Gwajin sassan sarrafa jirgin yaƙi kafin a cilla shi daga doron jirgin ruwa

Gwajin sassan sarrafawa shi ne binciken da matuƙi da ma'aikatan doron jirgin ruwa mai dakon jiragen yaƙi suke yi don tabbatar da cewa sassan fukafukai da na wutsiya masu motsi suna bin umarni, kafin na'urar cillawa, wadda take harba jirgin sama daga doron, ta sake shi. Na'urar tana fizgar jirgi daga tsaye zuwa gudun fiye da kilomita 240 a awa cikin daƙiƙa biyu zuwa uku, a tazarar da ba ta kai mita 100 ba, kuma da zarar an sake ta babu halin tsayawa, saɓanin filin jirgi na tudu inda matuƙi zai iya taka birki ya fasa tashi.

Ana fara aikin ne tun a wurin ajiya, bayan an tayar da injuna. A jirgin F/A-18 na sojan ruwan Amurka, umarnin sandar tuƙi yana bi ta kwamfutoci masu layukan sarrafawa huɗu, kuma su ne suke gwada kansu: sassan suna motsawa su kaɗai, duk layin da ya gaza sai alamarsa ta fito a allon gaban matuƙi. Mai kula da jirgin, wanda ake ganewa da riga ruwan ƙasa, yana tsaye a waje yana duban ko man haidirolik, wanda yake motsa sassan, na yoyo. Daga nan a buɗe fukafukan da aka naɗe, a tabbatar sun kullu, a kuma nuna wa matuƙi allon nauyin jirgin ya amince da shi, domin da wannan adadi ake saita ƙarfin cillawa.

Mataki mafi nauyi yana zuwa ne bayan an maƙala ƙafar gaban jirgin a na'urar. Matuƙi zai ba injuna wuta, ya kai sandar tuƙi ƙarshenta gaba da baya, hagu da dama, ya danne fedojin tuƙi da ƙafa har ƙarshe. A lokacin, masu binciken ƙarshe cikin fararen riguna suna durƙushe a gefen jirgin, cikin zafi da ƙara, suna lura da kowane sashe, kuma ba sa ɗaga babban yatsa sai sun gamsu. Idonsu yana kama abin da kwamfuta ba ta gani, kamar murfin da ya kwance.

Idan komai ya daidaita, matuƙi zai sara wa jami'in cillawa mai rawayar riga, da dare kuwa ya kunna fitilun waje. Idan aka ga matsala, sai ma'aikatan doron su gicciya hannuwa bisa kai a dakatar da aikin, amma matuƙi ba ya rage wuta har sai jami'in ya tsaya gaban jirgin ya ba shi izini. Matuƙin F/A-18 yana sakin sandar tuƙi yayin cillawa, ya riƙe wani mariƙi a jikin murfin gilashin ɗakin tuƙi, kwamfuta ta ɗaga hancin jirgin bisa saitin da aka yi tun farko.