Ɗalibai, Kafin Ku Zaɓi Sankarar Da Za Ku Bincika, Ku Leƙa Bakin Gulbi

Ranar Asabar da ta wuce ɗiyar maƙwabtanmu, 'yar aji biyu a babbar sakandare, ta same ni a tsakar gida da takarda a hannu. "Inna, malam ya ce kowa ya zaɓi ciwon daji iri guda ya yi bincike a kai. Ni na ɗauki na fata." Na karɓa na duba, sai ga hotunan Turawa kwance a bakin teku a Ostiraliya, ta kwafo daga waya. Na ce, "Ɗiyata, kin yi ƙoƙari. Amma a nan Sakkwato wa za ki je ki tambaya?" Ta yi shiru.

Shawarar da na ba ta ita nake ba ku. Ku zaɓi wadda ke cin mutanenmu, wadda za ku iya zama da ma'aikacin lafiya ko wani dattijo a unguwa ku ji labarinta da kunnenku.

Da ni ce ɗaliba, sankarar mafitsara zan ɗauka. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun daɗe suna ganinta a cikin maza, kuma asalinta sau da yawa abu ne da kowa ya sani: tsargiya. Ku je gefen gulbin Rima wajen Kwalkwalawa da rana tsaka, za ku ga yara suna ninƙaya, masunta da manoman fadama tsundum cikin ruwa. A irin wannan ruwan ne ƙananan dodon koɗi ke sakin tsutsar da ido ba ya gani. Ta huda fata ta shiga jini, ta girma, sannan ta koma jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, ta yi ta zuba ƙwai. Ƙwan da ya maƙale a bangon mafitsara shi ke kawo rauni, har yaro ya riƙa ganin jini a ƙarshen fitsari. Na sha jin uwa ta ce ai alamar balaga ce, abin da ke ci mani rai ke nan. Raunin da aka bari yana ta maimaituwa shekara da shekaru shi ke iya rikiɗa ya zama sankara bayan mutum ya manyanta. Alhali maganin tsargiya, praziquantel, ƙwaya ce da ake rabawa kyauta a makarantu.

Kun ga a nan akwai ruwa, akwai dabba, akwai al'ada, akwai magani. Aikin makaranta ya samu nama.

'Yan mata da yawa za su fi son sankarar bakin mahaifa, kuma zaɓi ne mai kyau. Ƙwayar cutar HPV ke haddasa kusan dukkanta, kuma tun watan Oktoba na 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta kyauta. Tambayar da za ku bi ita ce: me ya sa wasu iyaye suke hanawa? Sankarar mama ma tana nan, ita da maganar nan ta "ciwon daji ba ya son ƙarfe", wadda ke sa mace ta ɓoye ƙullutu a ƙarƙashin zane, ana shafe-shafe, sai ya fashe a kawo ta asibiti. Mai son sankarar hanta kuwa ya bi sawun ciwon hanta nau'in B da gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna a rumbu.

Guda ɗaya tak za ku ɗauka, da tambaya ɗaya. Wanda ya ce zai rubuta komai a kan ciwon daji, kwafe kawai zai yi. In kuma za ku zanta da mara lafiya, ku nemi izininsa tukun, kada ku ɗauki hotonsa, kada sunansa ya shiga takardarku.

Ita dai ɗiyar tawa ta naɗe hotunan Turawanta ta ce tsargiya za ta bi. Wai ƙanenta ma ya taɓa fitsarin jini bara da rani, ba a kai shi ko'ina ba. Na ce ta turo mani shi ranar Litinin da sassafe, a gwada fitsarinsa.