Ba sai da izinin 'yan sanda ake zanga-zanga ba

Da zarar an buga gangar siyasa, matasa suka ce za su fito kan titi neman a gyara musu hanya ko a kawo ruwa, sai ka ji wani dattijo ya ce, "Kun karɓo takardar izini daga kwamishinan 'yan sanda?" Mutane da yawa sun ɗauka haka doka ta ce, amma kotu ta daɗe da rusa wannan.

A watan Satumban 2003 'yan sanda suka tarwatsa gangamin jam'iyyar ANPP a Kano da barkonon tsohuwa, bisa hujjar ba a ba da izini ba. Maganar ta je kotu, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar cewa tilasta neman izini ya saɓa wa sashe na 40 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, wanda ya ba da 'yancin yin taro cikin lumana. Abin da ya dace shi ne a sanar da 'yan sanda, su ba da tsaro.

Sai dai ranar zaɓe daban ce. Dokar zaɓe ta 2022 ta hana kamfe ko rera taken jam'iyya cikin mita 300 daga rumfar zaɓe.