Jariri da ɗigon jini a fata: abin da gwajin ɓeraye ya bayyana

A jinin mutum akwai ƙananan ƙwayoyi masu toshe rauni su tsayar da zubar jini. Ga lafiyayyen jariri sukan wuce 150,000 a maikirolita ɗaya. Wani lokaci ɗan tayi kan gaji irin ƙwayoyin uba, waɗanda uwa ba ta da su. Sai jikinta ya ɗauke su baƙi, ya haɗa musu sojojin garkuwa, su ratsa mabiyiya su cinye na ɗan. Uwa lafiyarta ƙalau, kuma cikin fari ma bai tsira ba. Likitoci na kiran ciwon FNAIT.

Tunda ba a fara irin wannan gwaji da mai ciki, masu bincike a Toronto ta Kanada suka yi amfani da ɓerayen da aka cire wa sinadarin beta-3 daga ƙwayoyin. Aka sa wa matan ƙwayoyin jinin ɓeraye masu sinadarin, aka haɗa su da maza masu shi. Wasu suka yi ɓari, wasu 'ya'yan suka zo da jini a ƙwaƙwalwa. Abin lura shi ne sojojin ba ƙwayoyin kaɗai suke kama wa ba, har sabbin jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa suke hana tsirowa daidai. Shi ya sa ɓarnar kan faru tun a ciki, watanni kafin naƙuda. Da aka bai wa iyayen ɓerayen maganin IVIG (sojojin garkuwa da ake tacewa daga jinin mutane masu lafiya), ko aka toshe FcRn, ƙofar da sojojin ke bi ta mabiyiya, sai 'ya'yan suka tsira. Ɓera dai ba mutum ba ne, cikinsa kusan kwana 20 ne kacal, don haka toshe ƙofar yana matakin gwaji ga mata.

Ungozoma, ki duba fatar jariri da kyau. In kin ga jajayen ɗigo kamar tsinin allura, ko shacin kwanciyar jini ba tare da wahalar haihuwa ba, a ƙirga ƙwayoyin a ranar. In sun yi ƙasa da 30,000 akan ƙara masa su ta jijiya, a kuma ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Kada a yi masa wani yanka a jiki ko allurar tsoka sai likita ya amince. Yawanci adadin kan dawo cikin 'yan makonni.

Ciwon kan maimaita, don haka uwar da ta taɓa haifar irin wannan jariri ta faɗa tun awon farko. Akan ba ta IVIG duk mako, yawanci giram 1 ga kowane kilo na nauyinta, a kuma guji jawo jariri da na'ura wajen haihuwa.