Waiwaye: Doguwar Tafiyar Ƙagaggun Labaran Kirista

A watan Nuwamba na 1899 aka fara nuna wasan kwaikwayon Ben-Hur a birnin New York. Masu shirya wasan ba su yi ƙwauron kuɗi ba. Dawakai na gaske suka hau da su dandamali, suna sukuwa a kan wani inji mai juyawa a ƙarƙashin kofatansu, 'yan kallo na ganin tseren keken doki kamar a fili ake yinsa. Sai dai akwai sharaɗi guda da marubucin littafin, Janar Lew Wallace, ya kafe a kai kafin ya ba da izini: babu ɗan wasan da zai fito a matsayin Yesu. Duk inda labari ya kai ga Almasihu, sai a saki wani haske mai ƙarfi ya faɗo a kan dandamalin, haske kawai, ba fuska ba murya.

Wannan hasken ya nuna damuwar da ta bi ƙagaggun labaran Kirista tun farkonsu. Iya ina marubuci zai kai? Nawa zai ƙara a kan abin da Littafi Mai Tsarki ya faɗa kafin a ce ya yi wa Allah ƙage? Nawa kuma zai nuna na zunubi kafin a ce shi ma ya tsunduma ciki? Yau in ka leƙa kantin littattafan Kirista a Amurka za ka tarar da soyayyar zamanin da a gefe, labaran mutanen Littafi Mai Tsarki a gefe, ga kuma masu sa zuciya ɗar-ɗar. Kowanne da masu sayensa, amma tushensu ɗaya, gardamarsu ma ɗaya.

Sai an koma Ingila ta ƙarni na 17 kafin a ga inda igiyar ta soma. John Bunyan mai gyaran tukwane ne, ba wani dogon karatu gare shi ba. An ɗaure shi a Bedford daga 1660 zuwa 1672 saboda ya ƙi daina wa'azi ba da lasisin hukuma ba. A 1678 ya fitar da The Pilgrim's Progress, labarin wani mutum da ya baro Birnin Hallaka da nauyi a bayansa, yana neman Birnin Sama. Jama'ar da Bunyan ya fito cikinta masu tsananin riƙo ne, a wajensu ƙagaggen labari ƙarya ce da aka yi wa ado, kuma ɓata lokaci. Shi ya sa ya buɗe littafin da doguwar waƙar neman uzuri, inda ya faɗa da bakinsa cewa abokansa sun rabu biyu, wasu na cewa a buga, wasu na cewa a'a. A bangon littafin kuma ya kafa hujja da aya daga littafin Annabi Yusha'u, inda Allah ke cewa ya yi magana da misalai ta bakin annabawa.

Hujjar tasa tana da ƙarfi. Annabi Natan bai fito ya ce wa Sarki Dawuda "ka yi zina, ka yi kisa" ba tun farko. Labarin wani matalauci da 'yar tunkiyarsa ɗaya tilo ya ba shi, sai da sarki ya yanke hukunci da kansa sannan aka ce masa shi ne mutumin. Yesu ma da misalai ya yi yawancin koyarwarsa, irin na ɗa ɓatacce da na Basamariye mai tausayi. Littafin Bunyan ya zagaya duniya, an juya shi cikin harsuna fiye da 200, har da Yarbanci tun a ƙarni na 19. A Lesotho, Thomas Mofolo ya fitar da labarinsa na farko cikin harshen Sesotho a 1907 daga maɗabar 'yan mishan ta Morija, labarin matafiyi mai neman Allah, kuma sawun Bunyan a bayyane yake a cikinsa.

Ƙarni na 19 ne ya kawo soyayya da tarihi cikin lamarin. Marubuta suka gano cewa zamanin Rumawa, lokacin da ake jefa wa zakuna Kiristoci, fili ne da ke ɗauke da komai: sarki azzalumi, 'yan tsiraru masu ɓuya a ƙarƙashin ƙasa, da budurwa mai imani da wani babban arne ya ƙyalla ido a kanta. Kadinal Wiseman na Cocin Katolika ya rubuta Fabiola a 1854. Henryk Sienkiewicz ɗan ƙasar Poland ya fitar da Quo Vadis a 1896, soyayyar wani sojan Rum da wata Kirista a zamanin Sarki Nero. Ya rubuta shi ne lokacin da Rasha da Jamus da Austriya suka raba ƙasarsa a tsakaninsu, don haka mutanensa sun san su waye ake nufi da waɗanda ake tsananta wa. A 1905 ya karɓi kyautar Nobel.

Amma Ben-Hur na 1880 shi ne ya ɓalle ƙofar a Amurka. Wallace soja ne da ya yi yaƙin basasar ƙasar, ba malamin addini ba. Shi da kansa ya ba da labarin yadda hira a jirgin ƙasa a 1876 da Robert Ingersoll, shahararren mai shakkar addini, ta nuna masa cewa bai san komai game da abin da ake cewa ya gaskata ba. Kunyar hakan ce ta sa shi dogon bincike. Ya ƙarasa littafin a Santa Fe yana gwamnan yankin New Mexico. Dabararsa ita ce ta zama gado ga na bayansa: bai mai da Yesu jarumin labari ba. Ya ƙago wani basaraken Yahudawa da aka zalunta, ya bi shi cikin bauta da tuƙin jirgin ruwa da neman fansa, Almasihu kuwa sai dai ya gilma ta gefe, ya ba shi ruwan sha, ya wuce. Gidajen da ba a taɓa barin ƙagaggen labari ya kwana ba suka karɓi wannan. Fim ɗin 1959, wanda ya lashe kyautar Oscar 11, shi ma bai nuna fuskar Yesu ba.

Daga nan abubuwa suka yi ta biyo baya. Fasto Charles Sheldon na garin Topeka ya riƙa karanta wa ikkilisiyarsa labari babi-babi a sujadar yammacin Lahadi, yana tsayawa daidai inda ya fi daɗi don su dawo mako mai zuwa. Da aka buga shi a 1896 da sunan In His Steps, tambayar da ke cikinsa, wato me Yesu zai yi a nan, ta bi duniya. Grace Livingston Hill, wadda ta rasu a 1947, ta bar littattafan soyayya fiye da 100. Lloyd Douglas ya rubuta The Robe a 1942, kan sojan da ya ci rigar Yesu a caca a gindin gicciye, dabarar Wallace ce dai aka sake ɗinkawa.

Abin da ya mai da wannan rubutu kasuwa mai zaman kanta ya faru ne bayan yaƙin duniya na biyu. A 1950 masu sayar da littattafan Kirista a Amurka suka kafa ƙungiyarsu, CBA. Shagunansu suka bazu, amma na tsawon shekaru Littafi Mai Tsarki da littattafan ibada da na wa'azi ne suka cika kantoci. A farkon shekarun 1970 littattafan soyayya na kasuwar gama-gari suka soma bayyana abin da ake yi a ɗakin kwana ba sakaye. Mata masu zuwa coci da ke son karatun soyayya suka rasa na ɗauka. A wannan giɓin Janette Oke, 'yar lardin Alberta a Kanada, ta shigo a 1979 da Love Comes Softly, wanda kamfanin Bethany House ya buga. Labarin wata yarinya ce da mijinta ya rasu suna tsakiyar ƙaura zuwa yammacin ƙasa, ga ciki, ga hunturu na tafe, ta yarda da auren wani mai 'ya ƙarama da ya rasa matarsa, auren rufin asiri, so ya zo daga baya a hankali. Littafin ya sayu fiye da yadda kowa ya zata, sauran kamfanoni suka bi sahu.

A nan ne dokokin shago suka yi ƙarfi. Babu ashar, babu bayanin kwanciya, giya sai dai a hannun mugu, kuma kafin shafi na ƙarshe wani zai tuba ya karɓi Almasihu. Wanda ya san yadda aka yi ta ja-in-ja a Kano kan littattafan soyayya da tarbiyyar 'yan mata zai gane wannan tsoron, iyaye dai iri ɗaya ne ko'ina. Ban ga laifin mai son abin da zai miƙa wa 'yarsa hankali kwance ba. Sai dai dokar ta jawo asara. An sami ɗaruruwan littattafai da mutanen cikinsu ba sa zufa, zunubinsu bai wuce ɗan fushi ba, tubarsu kuma ba ta da nauyi domin ba a ga ramin da aka ciro su ba. Littafi Mai Tsarki kansa bai yi irin wannan kunyar ba, ga labarin Dawuda da Batsheba nan, ga na Tamar.

Shi ya sa nake ganin Francine Rivers ta fi yawancin tsararrakinta muhimmanci. Ta shafe shekaru tana rubuta soyayyar kasuwar gama-gari kafin ta ba da gaskiya a 1986. A 1991 ta fitar da Redeeming Love, inda ta ɗauko labarin Annabi Yusha'u, wanda wasu juyi ke kira Hosiya, da matarsa Gomer mai fita, ta dasa shi a Kalifoniya ta shekarun 1850 lokacin rububin haƙar zinariya. Jarumar yarinya ce da aka sayar cikin karuwanci tun tana ƙarama. Wani manomi ya aure ta, ta gudu, ya je ya dawo da ita, ta sake gudu. Tarihi da soyayya da Littafi Mai Tsarki duk sun haɗu a tukunya ɗaya. Kamfanin da ba na Kirista ba ne ya fara buga shi. Sai a 1997 ya shiga shagunan Kirista ta hannun kamfanin Multnomah, bayan an sassauta wasu wurare. Har yau ana gardama a kansa. Wasu na cewa ya yi tsauri ga 'yan mata, wasu na tsoron kada mace ta ɗauka cewa namiji ne mai cetonta. Amma waɗanda aka taɓa zalunta sun ga kansu a ciki, abin da littattafan masu tsabtar wuce kima suka kasa ba su.

Reshen fargaba ya taso ne ta wata ƙofa. A 1986 Frank Peretti ya fitar da This Present Darkness, sunan da ya ɗauko daga Afisawa 6:12, inda Bulus ke cewa kokawarmu ba da nama da jini ba ce. Wani ɗan jarida da wani fasto a ƙaramin gari suna binciken wata maƙarƙashiya, a samansu kuma mala'iku da aljannu na gwabzawa da takubba, addu'ar masu bi ce ke ƙara wa mala'ikun ƙarfi. Littafin ya fara da tafiyar hawainiya, daga baya baki ya kai shi ko'ina. Maza da ba su taɓa taɓa littafin Oke ba suka shigo shago. Matsalar da ta biyo baya ita ce wasu sun karanta shi kamar littafin koyarwa, suka soma ganin aljani a bayan kowace matsala, har malaman tauhidi suka riƙa tunatar da jama'a cewa ƙagaggen labari ne.

Sai ga Left Behind a 1995, na Tim LaHaye da Jerry Jenkins. Jirgin sama na tsakiyar tafiya fasinjoji suka ɓace, tufafinsu kawai aka gani a kujeru, an fyauce masu bi, an bar saura da Magabcin Almasihu. Jerin ya kai littattafai 16, an sayar da fiye da miliyan 60, na tara a jerin kuma, wanda ya fito makonni kaɗan bayan harin 11 ga Satumba, shi ne ƙagaggen labarin da ya fi sayuwa a Amurka a 2001. Abin da masu karatu da yawa ba su sani ba shi ne, tsarin ƙarshen zamanin da aka gina labarin a kai koyarwa ce da wani mai wa'azi ɗan Birtaniya, John Nelson Darby, ya yaɗa a ƙarni na 19, Katolika da Otodoks da Furotestan da dama ba su yarda da ita ba. Labari mai daɗi ya shigar da fassarar ɓangare guda cikin gidaje kamar ita kaɗai ce. Abin da abokan Bunyan suka ji tsoro ke nan, kuma a wannan karon tsoron nasu yana da tushe.

Bayan haka rassan suka sarƙe da juna. Beverly Lewis ta buɗe fagen soyayyar 'yan Amish, wasu Kiristocin karkara a Amurka masu ƙaurace wa kayan zamani, a 1997, a shekarar kuma kamfanin Harlequin, mai buga littattafan soyayya na kasuwar gama-gari, ya ƙirƙiro sashen Love Inspired don kada kasuwar ta wuce shi. Marubuta irin su Terri Blackstock da Dee Henderson suka haɗa binciken 'yan sanda da soyayya da addu'a. Shagunan da suka kafa dokokin kuwa sun durƙushe. Family Christian ya rufe shagunansa kimanin 240 a 2017, LifeWay ya rufe kimanin 170 a 2019, ciniki ya koma intanet. Manyan kamfanonin buga littattafan Kirista biyu, Zondervan da Thomas Nelson, yanzu suna hannun HarperCollins. Mai gadin ƙofa ya tafi, marubuci na iya buga littafinsa da kansa, ya nuna abin da ya ga dama.

A 2019 ne Dallas Jenkins, ɗan wancan Jerry Jenkins, ya saki zangon farko na The Chosen, shirin fim mai dogon zango kan rayuwar Yesu, da kimanin dala miliyan 10 da jama'a suka tara masa. A cikinsa Yesu yana da fuska, ɗan wasa Jonathan Roumie ne, yana dariya, yana gajiya, yana wasa da yara, yana faɗin maganganun da ba a rubuce suke cikin Bishara ba. Fastoci sun rabu biyu a kai, kamar yadda abokan Bunyan suka rabu. Uban kuma ya zauna ya mai da shirin ɗan nasa ƙagaggun labarai, littafin farko ya fito a 2021, shekara 122 bayan daren da Wallace ya ce haske kawai za a nuna.