Abin da doka ta tanada kan sare itatuwa a hanyar layukan lantarki

Wanda ma'aikatan lantarki suka taɓa datse wa itacen da ya shekara ashirin yana shan inuwarsa, yawanci tambaya ɗaya yake yi, wato me ya sa aka sare shi alhali ko ganyensa bai kai ga waya ba. Amsar ita ce dokokin wannan fanni, a ƙasashen da suka tsara su, ba sa jiran reshe ya taɓa waya. Tazara suke gindayawa tsakanin waya da duk wani tsiro, kuma ana auna tazarar da rana mafi muni a shekara, ba da ranar da iska ta kwanta ba.

Wayar lantarki ƙarfe ce, idan ta ɗauki wuta mai yawa a ranar zafi sai ta miƙe ta sauko ƙasa-ƙasa a tsakanin turaku biyu, ga kuma iska da ke kaɗa ta gefe da gefe. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wuta mai ƙarfi tana iya tsallaka sarari ta faɗa kan ɗanyen itace ba tare da sun haɗu ba. Shi ya sa tazarar take ƙaruwa gwargwadon ƙarfin layin. A yankunan dazuzzukan jihar Kalifoniya ta Amurka, alal misali, doka ta wajabta tazarar ƙafa 4 ga layin da ƙarfinsa ya kama daga bolt 2,400 zuwa 72,000, ƙafa 6 daga nan zuwa bolt 110,000, sannan ƙafa 10 ga wanda ya wuce haka.

Ba a tsananta waɗannan ƙa'idoji ba sai da aka ji jiki. A ranar 14 ga Agusta 2003, manyan layuka masu ƙarfin bolt 345,000 a jihar Ohayo suka sauko kan itatuwan da aka bari suka yi tsawo, suka mutu ɗaya bayan ɗaya, a daidai lokacin da na'urar gargaɗi ta ɗakin kula da wutar ta daina aiki. Nauyin da suke ɗauke da shi ya koma kan wasu layukan, su ma suka gaza, kafin yamma mutum kimanin miliyan 50 a arewa maso gabashin Amurka da lardin Ontariyo na Kanada suka rasa wuta. Bayan makonni shida, ranar 28 ga Satumba, wuta ta tsallaka daga wani layi da ke kai wa Italiya wuta zuwa kan itace a Suwizalan, kusan dukkan Italiya ta faɗa cikin duhu.

A 2005 majalisar Amurka ta yi dokar makamashi da ta mayar da ƙa'idojin kula da manyan layuka wajibi, bayan a da son rai ne, ta kuma ba da damar cin tarar da za ta iya kai dala miliyan ɗaya a kowace rana kan kowane laifi. Ƙa'idar da ta shafi tsirrai, mai suna FAC-003, tana aiki a kan layukan bolt 200,000 zuwa sama da wasu ƙanana masu muhimmanci. Ta ɗora wa mai layin ya duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara, kada tsakanin dubawa biyu ya wuce wata 18, ya tsara aikin sassabe na shekara ya kuma kammala shi, sannan ya kai rahoton ɗaukewar wutar da itace ya haddasa. Ƙananan wayoyin da ke shiga unguwanni ba sa cikinta, hukumomin jihohi ne suke da iko a kansu.

Inda rigima ta fi tashi shi ne batun mallaka. Zirin filin da layi ya ratsa sau da yawa ba na kamfanin ba ne, na mai gona ne ko mai gida, abin da kamfanin ya samu shi ne izinin ratsawa da shiga da share abin da zai kawo haɗari. Wannan izini yana tafe da sharuɗɗa, kuma dokar lantarki ta Birtaniya ta 1989 ta fayyace su yadda ya kamata. Kamfani zai aika wa mai wurin takardar sanarwa cewa a sare itacen ko a rage masa rassa, kamfanin ne kuma zai biya kuɗin aikin. Idan kwana 21 suka wuce ba a yi ba, ba a kuma kawo ƙorafi a rubuce ba, kamfanin yana da ikon yin aikin da kansa. Idan an kawo ƙorafi, sai maganar ta je gaban minista, a saurari kowane ɓangare. Ko da an yi saran, dole ne a yi shi bisa ƙwarewar masu kula da itatuwa, a taƙaita ɓarna, a kwashe abin da aka sare yadda mai wurin ya ce, a kuma gyara duk abin da aka lalata.

A ganina wannan sashe na sharuɗɗan da ke kan kamfani shi ne ake yawan mantawa. Ikon sara ba lasisin yi wa ƙasa ƙwal-kwabo ba ne. Masana sun daɗe da nuna cewa barin ciyawa da gajerun tsirrai a ƙarƙashin waya, da matsakaita a gefen zirin, ya fi share komai, domin su suke hana dogayen itatuwa samun wurin tsirowa, suna kuma riƙe ƙasa kada ruwa ya zaizaye ta. A ɗaya ɓangaren, itacen da ke can wajen zirin ma yana iya shiga lissafi idan ya bushe ko ya karkata, har tsawonsa zai kai ga waya in ya faɗi, kuma irin wannan ne yakan tayar da gobarar daji.

Mai fili shi ma yana da nasa nauyin. Kada ya ɗauki gatari ko tsani ya doshi reshen da ke kusa da waya, domin ɗanyen itace yana ɗaukar wuta, kuma wannan aiki ne na waɗanda aka horar, wani lokaci ma sai an kashe layin. Abin da ya kamata ya yi shi ne ya sanar da kamfanin. Idan kuma takardar sanarwa ce ta zo masa, ya nemi a nuna masa faɗin zirin da itatuwan da ake nufi, ya tambayi ko ragewa za ta wadatar a maimakon kayarwa, ya kuma rubuta ƙorafinsa kafin wa'adin da dokar ƙasarsa ta ba shi ya cika.