Gulella: dodon koɗi mai farauta

Gulella sunan kimiyya ne na wani rukunin ƙananan dodon koɗi na tudu masu cin nama, daga dangin Streptaxidae. Wani masanin halittu Bajamushe, Ludwig Pfeiffer, shi ya raɗa musu sunan a 1856. Ire-irensu sun kai ɗaruruwa, akasarinsu a Afirka kudu da Sahara, kuma kurmin kudancin Najeriya, irin gandun dajin Omo na Jihar Ogun, yana cikin wuraren da danginsu suka yi yawa.

Bahaushen Legas ya saba ganin ƙaton dodon koɗin nan da ake tarawa a kwando a kasuwar Mile 12, wanda Yarabawa ke kira igbin. Shi ganye da 'ya'yan itace yake ci. Gulella kuwa da yawansu ba su fi ƙwayar shinkafa ba, sai mutum ya tsuguna ya tona ruɓaɓɓen ganye ko ya ɗaga ruɓaɓɓen icce kafin ya gan su. Katantanwarsu fara ce mai sheƙi, haske na ratsa ta, har a hango launin jikin da ke ciki, ruwan ƙwai ko ruwan goro ko ja. A bakin katantanwar akwai wasu 'yan tsinaye kamar haƙora da suka matse ƙofar. Da adadin waɗannan tsinayen da yadda suka jeru masana ke bambance wani iri da wani.

Makamin farautar yana cikin baki. Kowane dodon koɗi yana da harshe mai jerin ƙananan haƙora, sai dai na masu cin ganye na kankara ne, na Gulella kuwa dogaye ne masu tsini. Abincinsa 'yan'uwansa ƙananan dodon koɗi ne da sauran halittu masu laushin jiki. Yakan zura kai cikin katantanwar wanda ya kama, ya cinye naman, ya bar ɓawon fayau. Farauta ce ta masu nawa, ba gudu ba tsalle.

Kowane ɗayansu yana da gaɓar namiji da ta mace. Danshi ne ransu: da damina suke yawo, in hunturu ya shigo su shige ƙasa su lafe. Shi ya sa unguwar da siminti ya rufe ba ta yi musu.

An taɓa ɗaukar danginsu aikin haya, abin bai yi kyau ba. A shekarun 1950 an kai Gonaxis, wani rukuni na wannan dangin, daga Kenya zuwa tsibiran Hawai don su rage ƙaton dodon koɗin Afirka ta Gabas mai ɓarna a gonaki, aka ƙara da Euglandina rosea, wani mafaraucin na dangi dabam, daga Fulorida a 1955. Ƙaton bai ƙare ba. Ƙananan dodon koɗin bishiya na tsibiran ne Euglandina ya far wa, har wasu ire-irensu suka ɓace.