Waiwaye: Daga Ina Request da Session Suka Fito?

Duk wanda ya taɓa cike fom ɗin rajista a shagunan intanet na Yelwa a Bauchi ya san takaicin nan: an ɗauke wuta kana tsakiyar aiki, kafin a tayar da janareta shafin ya manta da kai, sai ka koma farko. Mantuwar tana da tushe. Haka aka gina HTTP, ƙa'idar da shafukan intanet ke tafiya a kanta: burauza ta aika buƙata, uwar garke, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ta ba da amsa, daga nan ba ta ƙara sanin ka ba.

A 1993, lokacin da tsarin CGI, hanyar da uwar garke ke kunna manhaja ta amsa buƙata, ya fito daga cibiyar NCSA a Amurka, mai rubuta manhaja shi ke yin komai da hannunsa, galibi da yaren Perl. Shi zai tsinto abin da baƙo ya cike daga dogon layin rubutu, ya warware shi, sannan ya tsara bayanan da ke zuwa a saman amsa. Kowace buƙata kuma sai an tayar mata da sabon aiki a na'ura. A 1994 Lou Montulli na kamfanin Netscape ya kawo kukis, ɗan bayanin da burauza ke riƙewa ta riƙa nunawa duk sanda ta dawo.

Sauƙin gaske ya zo a Disamba 1996, da Microsoft ya fitar da ASP, tsarin rubuta manhajar shafukan intanet, tare da manhajarsa ta uwar garke, IIS 3.0. Abubuwa biyar ya ajiye a shirye, ba sai ka ƙirƙire su ba. Request na ɗauko abin da baƙo ya turo, Response na mayar masa da amsa, Server na hidimomin na'urar, Application na riƙe abin da kowa ya yi tarayya a kai. Session kuwa shi ne maganin mantuwa: ana ba kowane baƙo lamba a cikin kukis, bayanansa na zaune a uwar garke, idan ya yi minti 20 bai motsa ba a share su, sai dai in an canza wa'adin. JSP, makamancin tsarin na kamfanin Sun, ya biyo baya a 1999 da nasa abubuwan guda tara.

Labarin yaren PHP ne ya fi damuna, domin da shi ɗalibanmu da yawa a Bauchi da Gombe ke rubuta aikin kammala karatu. Can baya yana da tsarin register_globals, wanda ke mayar da duk abin da baƙo ya turo ya zama ma'ajiyar bayani kai tsaye a cikin manhaja. Daɗi gare shi, amma ɓarawo na iya ƙara admin=1 a ƙarshen adireshi, idan marubucin ya yi sakaci sai ya wuce ciki a matsayin mai gida. Shi ya sa PHP 4.1 ya kawo keɓaɓɓun ma'ajiyoyi $_GET da $_POST da $_SESSION a 2001, a 2002 aka sa register_globals ya riƙa zuwa a kashe sai wanda ya kunna shi, aka cire shi kwata-kwata a PHP 5.4 a 2012. Shekara goma ana lallaɓa mutane su rabu da shi!

Yau matasa na fara koyo da kayan gina manhaja irin su Laravel ko Express, suna rubuta $request ko req da res ba tare da an gaya musu cewa jikokin Request da Response ba ne. Da ni ke tsara darasi, mako guda zan ware ɗalibi ya warware buƙatar HTTP da hannunsa, ya ga da idonsa cewa duk abin da ke cikin Request baƙo ne ya rubuto shi, kuma yana iya canza shi yadda ya ga dama.